Katin da Kawu Ya Mayar Mini

Ranar da Kawu ya cika kwana uku a ƙasa, muna zaune a tsakar gidansa, an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar ɗakin matarsa har bakin rijiya, sai wayarsa ta yi ƙara. Duk mun manta da ita. Tana cikin aljihun rigar da aka cire masa, an rataye ta a ƙusa bayan ƙyaure. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ta ɗago ido ta dube ni.

"Tashi ki amsa," ta ce. "Ni ba zan iya ba."

Muryar mace ce, tana magana da sauri. "Salamu alaikum, mai makulli ne? Don Allah makullin shagona ne ya karye a cikin kwaɗo. A jikin katinku na ga lambar."

Na ce, "Baiwar Allah, mai makulli Allah ya yi masa rasuwa. Yau kwana uku."

Sai na ji ta yi salati. "Dattijon bakin tasha? Mai tambayar nan?"

"Shi."

"Ina ne gidan?"

Kafin la'asar sai ga ta, ta bar shagon a kulle yadda yake. Ta durƙusa gaban Iya ta yi mata gaisuwa, ta ce ita ko sunansa ba ta riƙe ba, amma sau uku yana fitar da ita daga kunya.

Haka kwanakin nan suka kasance. Dangi mun san za su zo, na mahaifarsa Dagumawa kuwa tun ranar farko suka cika gida. Waɗanda suka ba mu mamaki su ne baƙin fuska. Yaya, babban ɗansa, da ke karɓar gaisuwar maza a ƙofar gida, ya ce direbobin tasha sun zo a jere kamar masu zuwa ɗaurin aure, 'yan kara sun zo da ƙurar shanu a ƙafafunsu, har ɗaliban jami'a da ba su iya Hausa sosai ba sun tsuguna sun yi addu'a. A cikin gida kuma wata mata ta zo daga wajen Achika da 'ya'yanta uku da ƙwaryar gero. Babu wanda ya san ta. Ta zauna can gefe tana kuka marar sauti. Ni kaɗai na gane ko wace ce, da na ji sunan ƙauyensu, kuma sai da na sunkuyar da kai.

Ina rubuta wannan ne saboda ranar da aka yi arba'in na bi ta bakin tasha, na tarar mai sayar da cajar waya ya riga ya kafa lema a gindin darbejiyar da Kawu ya yi shekaru yana zama. Ban ga laifinsa ba, shi ma abinci yake nema. Amma na tsaya ina kallon wurin, babu ko alamar ƙafar tebur, sai na ji tsoro.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka tun ina zanen goyo bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. A Dagumawa aka haife shi, cikin gidan noma, kuma har ƙarfinsa ya ƙare bai bar gona ba. Da damina ba a ganinsa a tasha sai hantsi ya dubi ludayi, ya iso da laka a dugadugansa. Gyaran kwaɗo a wurin wani tsohon maƙeri ya koya tun yana saurayi, daga baya ya iya kubar ƙofa, da makullin babur, da na akwatin ƙarfe irin na amare na da. Kayan aikinsa ba su da yawa: magagari uku, ƙaramar guduma, matsefi na ƙarfe da ya ƙera da kansa, da wata doguwar waya da ya zura ɗaruruwan makullai a jiki. Injin yanka makulli sai da ya manyanta ya saya, kuma ko da ya yanka da inji sai ya bi da magagari, wai inji ba ya jin abin da hannu ke ji.

Kullum akwai fensir a bayan kunnensa, shi da ba ya rubutun boko. In aka kawo kwaɗon da ya cije, sai ya kankare bakin fensirin ya hura garin a cikin ramin makulli, ya juya sau biyu, kwaɗo ya buɗe. Wanda ya ɗura wa kwaɗonsa man gyaɗa kuwa sai ya sha faɗa kafin a yi masa aiki. "Miya za ka yi da shi?"

Amma abin da garin Wudil ya san shi da shi tambaya ce. Duk wanda ya zo, ko da kakin soja ne a jikinsa, kafin ya taɓa kayan aiki sai ya ce, "Na wane ne?" In ka ce naka ne, ya ce, "Wa ya san ka?" Har yaran mota suka laƙaba masa Na-wane-ne, yana ji yana murmushi. Ba ya yanka makulli daga zanen da aka danna a jikin sabulu. Ba ya buɗe ɗakin da mai shi ba ya nan sai da mai unguwa ko liman a tsaye. In kuma ya buɗe akwati, ba ya ɗaga murfin. Zai ja da baya ya juya fuskarsa, ya ce, "Aikina ya tsaya a nan."

Ba zan ce ba shi da aibu ba, domin shi kansa ba zai yarda in yi masa ƙarya ba. Yana da zafin rai, kuma maganarsa ba ta da mayafi. Da Yaya ya ƙi sana'ar ya zaɓi tuƙin mota, shekara biyu Kawu bai shiga motarsa ba, ya gwammace ya tsaya a rana ya jira ta wani. Kuma a iya sanina, kafin abin da zan faɗa a ƙarshe, ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi haƙuri ba.

Akwai labarin da ni ma sai a zaman makoki na ji shi. Wata mata ce daga wata unguwa ta ba da shi, tana yi tana share ido da bakin mayafi. Surukinta, uban mijinta, tsufa ya rikita shi. Sai ya fice daga gida ya nufi bakin kogi, yana cewa zai duba kwalekwalensa, alhali ya fi shekara ashirin da barin sana'ar su. Sau biyu masunta na dawo da shi jiƙe har ƙirji. Mijinta ya rasa yadda zai yi, ya je wurin Kawu ya ce a zo a sa wa ɗakin tsohon kwaɗo ta waje.

"Mutum za ka kulle ko buhun masara?" in ji Kawu.

"To Baba ya zan yi? In bar shi ruwa ya ci shi?"

Washegari da safe Kawu ya zo da jakarsa. Bai ko kalli ɗakin tsohon ba. Ƙofar zaure ya nufa, ya ɗora sakata can sama inda sai an yi ɗage ake kai mata hannu, ya ɗaura tsohuwar ƙararrawar keke a jikin ƙyauren yadda ko iska ta taɓa shi za a ji. Tsoho ya ci gaba da yawonsa a tsakar gida, yana shan hantsi, yana yi wa kaji faɗa. Matar ta ce bayan haka duk ranar Laraba Kawu kan zo ya kama hannun tsohon su taka tare har bakin kogi, su zauna su kalli ruwa, ya dawo da shi. Haka suka yi ta yi har Allah ya karɓi ran tsohon. Iya da ke zaune tana ji ta ce, "Ashe nan yake zuwa. Ni ce mini yake zai duba wani aiki."

Yanzu sai maganar kati, wadda ita ce tsakanina da shi.

Ina aiki a wani shagon buga takardu a Sabon Gari. Katin biki, kalandar siyasa, katin sana'a, duk ni nake tsarawa a kwamfuta. Na yi wa teloli, na yi wa masu gyaran waya, na yi wa mai sayar da maganin kaji. Sai wata shekara wasu samari suka buɗe shagon yankan makulli kusa da makaranta, da allo mai fitila, suna raba kati ga duk wanda ya gifta. Na ga teburin Kawu ya fara yin shiru. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ni da nake ƙawata sana'ar bare, kawuna na zaune a gindin bishiya babu ko allo.

Ban shawarce shi ba, don na san abin da zai ce. Na zauna kwana biyu ina tsarawa. Na yi wa katin baƙar shimfiɗa, na ɗora hoton makulli ruwan zinare, na sa masa Alhaji a gaban suna, na ƙara da Injiniya. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: Muna buɗe kowane irin kwaɗo, ko'ina, kowane lokaci, ba ɓata lokaci. Wallahi har yau ban yi katin da ya kai shi kyau a ido ba. Na buga, na yanka, na ɗaure da roba. Don ɗoki, tun kafin in kai masa na raba wasu: na ajiye a kan teburin shagonmu, na ba wani direba ya raba wa fasinja, na ba ƙawayena.

Ranar Juma'a na kai masa, ranar kasuwa, gari ya cika ya batse. Akwai mutum biyar ko shida a kan bencinsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, ina wuni. An yi Juma'a lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Ya mutan gidan? Ya maigidan naki? Me aka kawo mana?"

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya zare ɗaya ya juya shi gaba da baya, ya shafa da babban yatsa. Ya ce, "Karanta mini, idona ba ya son ƙananan boko."

Na fara karantawa da murya, ina jin daɗin mutane na ji. Ina cewa Alhaji ya ɗaga hannu.

"Yaushe kika kai ni Makka ban sani ba?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce ai girmamawa ce. Na wuce Injiniya da sauri. Da na karanta layin ƙarshe, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya sa na maimaita. Na maimaita.

"Kowane irin kwaɗo," ya ce. "Ko'ina. Kowane lokaci." Ya mayar da katin cikin 'yan uwansa, ya gyara robar, ya miƙo mini. "Wannan katin ɓarayi ne. Ki kai musu, su suka san darajarsa."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, yarinya ta yi don alheri."

"Na san don alheri ta yi. Amma ta yi karatu, ya kamata ta san abin da take rubutawa. Shekara nawa ina zaune a nan, ita ce za ta zo ta rubuta a takarda cewa ba na tambaya?"

Ni matar aure ce a lokacin, da 'ya'ya biyu. Na tashi a gaban mutanen nan idona ya rufe da hawaye, ban ko yi masa sallama ba. Na tafi wurin mahaifiyata na zazzage mata. Ta ce, "Yayana ne, na riga ki saninsa. Bakinsa ne haka. Ki je ki gaishe shi gobe, magana ta wuce." Na ƙi. Wata biyu ban taka gidansa ba, in zan je kasuwa sai in zaga ta bayan tasha. Kuma ban faɗa wa kowa cewa wasu katunan sun riga sun fita ba. Na ce a raina ai takarda ce, za ta yage ta ɓace.

Wata Talata da azahar ina zaune gaban kwamfuta, sai na ji sallama a bakin shago. Kawu ne. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ƙafafunsa fari fat da ƙura, yana ɗingisa ƙafar da gwiwarta ke damunsa. Na miƙe da sauri na ba shi kujera, na kawo ruwa. Sai da ya shanye, ya yi hamdala, sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye baƙin katin nan a kan teburina. Ya lanƙwashe, gefensa ya yi datti.

Ga abin da ya faru, yadda ya faɗa mini. Da safe wani mutum ya zo da babur, ya ce matarsa ta yar da makullin ɗaki, a wani ƙauye wajen Achika. Kawu ya yi masa tambayoyin da ya saba. Mutumin ya ce duk ƙauyen an san shi, in sun je zai gani. Kawu ya ɗauki jaka ya hau bayansa. Da suka shiga gidan, babu babba ko ɗaya, kowa na gona. Yara biyu na wasa a tsakar gida, kuma ba su taso da gudu ba yadda yara ke yi in ubansu ya dawo. Sai suka maƙale a bayan turmi. Kawu ya lura da wannan. Ya kama kwaɗon ya juya ƙasansa, ya ga zane uku ƙanana, alamar da yake yi wa duk kwaɗon da ya gyara. Ya tuna mai shi, wani dogon mutum mai tabo a goshi.

"Ina mai tabon nan?" ya tambaya.

Mutumin ya ce, "Yayana ne. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To ɗakin na wane ne?"

Nan magana ta fito. Ɗakin matar marigayin ne. Ƙaramin ɗanta ne ba lafiya, ta kwana biyu da shi a asibiti a Wudil. A cikin ɗakin akwai hatsin da mijin ya bari, da keken ɗinkinta, da takardar gona. Ba a raba gado ba. Ƙanen mijin yana so ya kwashe kafin ta dawo, wai zai adana wa marayu.

Kawu ya ce in adanawa ce, a kira mai unguwa da liman a adana a gabansu. Mutumin ya fusata. Ya zaro katin daga aljihu ya kaɗa shi a fuskar Kawu.

"Ba kai ne wannan ba? Ga shi a rubuce, kowane irin kwaɗo, ba ɓata lokaci! Saboda wannan na tsallake kowa na zo wurinka."

Kawu ya karɓi katin ya sa a aljihu, ya rataya jakarsa, ya fita ya tambayi gidan mai unguwa. Bai bar ƙauyen ba sai da ya ga an ɗora kwaɗo na biyu a ƙofar, makullin na hannun liman, an kuma tura a sanar da matar. Mai babur kuwa tuni ya yi gaba. Kawu ya taka da ƙafa har bakin titi, da gwiwar nan tasa, kafin wata a-kori-kura ta tsaya masa. Ko gida bai je ba, wurina ya zo.

Ina tsaye ina saurare har ya gama. Na jira faɗa. Bai yi ba. A hankali ya yi magana, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Uwata, takardar nan ta je inda ban je ba, ta yi magana da bakina. Yau Allah ya tsare. Guda nawa suka fita?"

Na faɗa masa gaskiya.

"To ki bi su."

Na bi su. Mako guda ina yawo. Na kwashe na shagonmu, na bi ƙawayena gida gida, na tsare direban nan a tasha har ya zazzage aljihun motarsa. Wasu sun tafi ke nan, ba su dawo ba. Waɗanda na samu na kai masa gida, na durƙusa na ajiye a gabansa, na ce ya yafe mini. Ya miƙa wa Iya ya ce ta hura wuta da su. Sannan ya dube ni.

"Gobe in na taso daga gona zan biyo. Tunda kin ce zamani na kati ne, sai mu yi namu."

Ban taɓa yin aiki da mai wuyar sha'ani irinsa ba. Ya zauna kusa da ni, hannayensa a kan gwiwa, ba ya yarda ko rigarsa ta taɓa kwamfutar. Baƙar shimfiɗa ya ce a cire, farar takarda ta isa. Makullin zinare ya ce bai taɓa ganin irinsa a Wudil ba. Ya ciro wani tsohon makulli daga aljihu, wanda ya yanka da hannu, ya ce in ɗauki hoton wannan. Alhaji da Injiniya suka tafi, sunansa kawai ya rage da na mahaifinsa. Na ce a sa ƙwararre. Ya ce, "Wanda na yi wa aiki shi zai faɗa." Muka rubuta: Gyaran kwaɗo da kuba, yankan makulli. Bakin tasha, Wudil. Daga hantsi zuwa magariba. Sai lambar waya.

"Saura layi ɗaya," ya ce. "Ki sa shi ya fi sunana girma. A zo da mai kaya, ko da wanda ya san shi."

Na ce, "Kawu, wannan ai korar masu zuwa zai yi."

"Waɗanda zai kora, su nake so ya kora."

Har na ce mun gama, sai ya tambaye ni mutanen ƙauye da ba su yi boko ba fa, da me za su karanta? Na ce kwamfutarmu ba ta iya ajami yadda ya kamata. Ya ce shi ya iya. Washegari ya zo da tawada da alƙalamin kara. Ya zauna a ƙasa a kan tabarmar sallarmu, ya ɗora takarda a gwiwa, ya rubuta sau huɗu kafin ya yarda da ɗaya. Na ɗauki hoton rubutun na shigar, muka buga shi a bayan katin. Da na miƙa masa na farko, ɗumin inji bai bar jikinsa ba, ya karanta bayan da kansa, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ni ne," ya ce.

Ba zan ce katin ya cika masa benci ba. Samarin nan sun ci gaba da samun cinikin ɗalibai. Amma matan aure da 'yan kasuwa da masu unguwanni sun riƙe shi, ana miƙa wa juna. Shi kuwa ba ya raba shi barkatai. Sai ya gama maka aiki, ya ga kamanninka, sannan ya zaro ɗaya daga gwangwanin da yake ajiye su ya ba ka da hannun dama.

Ciwon ya fara ne da rawar hannu. Magagari ya riƙa zamewa. Ranar da ya ɓata makulli biyu a jere, ya naɗe jakarsa da kansa ya ce wa Yaya ya zo da mota ya kwashe teburin. A gidan gaba na motar ya zauna, kusa da ɗansa. Daga nan bai sake fita sosai ba. Wata biyar ya yi yana jinya.

Zuwana na ƙarshe wata Litinin ce da rana. An fito da shi rumfar tsakar gida, an jingina shi da filo. Iya na can tana tankaɗe. Na zauna a gefen tabarmar ina yi masa fifita. Sai na ga yana kallon tafin hannunsa. Hannayen da na sani baƙi ƙirin da garin ƙarfe, wanda sabulu bai taɓa fitarwa ba, sun yi fes, sun yi laushi kamar na jariri.

"Kin ga," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kamar na aro."

Na ce zai warke su koma yadda suke. Ana jin kukan tattabarun maƙwabta. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ranar Juma'ar nan. Da na bari mun koma gida."

Na gane wace Juma'a yake nufi. Shekara shida ke nan, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Na ce, "Kawu, ai gaskiya ka faɗa."

"Gaskiya ce. Wurin ne ba daidai ba. Ke da sunan uwata, na tsayar da ke a kasuwa." Ya numfasa. "Ki yafe mini."

Maficin ya tsaya a hannuna. Iya ma ta daina tankaɗe. Na buɗe baki in ce ni ce da laifi, in ce babu komai, amma ya juyo yana kallona, na ga ba wannan yake jira ba.

Na ce, "Na yafe, Kawu. Duniya da lahira."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai sau biyu. "Madalla. Tashi ki tafi, yara sun kusa tasowa daga makaranta."

Na gyara masa filo, na yi wa Iya sallama. Har na kai bakin zaure na ji ya kira ni, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Uwata."

"Na'am, Kawu."

"A gaida gida."

Ranar Laraba da hantsi ya cika, Yaya na riƙe da kansa, Iya na yi masa kalmar shahada yana bi.

Ya Allah, bawanka ne, ɗan bayinka, ya zo maka da abin da ka fi mu sani. Ka yafe masa zafin bakinsa, ka duba amanar mutane da ya tsare. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi. Ka ba Iya haƙurin zama a gidan da babu tarinsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka ba mu lokaci da ƙarfin hali mu nemi gafarar waɗanda muka ɓata wa tun muna iya magana. Amin.